Ranar da na kai autana Gidan Makama

 

Duk lokacin da aka ba yara hutu, tunanin da yawancinmu muke yi bai wuce guda uku ba: a tura su gidan kaka, a kai su wurin lilo su sha askirim, ko kuma a kunna musu talabijin mu samu mu huta da hayaniya. Babu laifi a cikin ko ɗaya. Amma ina so ki tambayi kanki, yaushe rabon da ki riƙe hannun ɗanki ki kai shi gaban wani tsohon gini, ki ce masa, “Ka ga wannan? Kakanninka ne suka gina shi”? Yaranmu sun san manyan fadojin dutse na Turawa da na Turkawa, suna ganinsu kullum a katun da finafinai. Abin da ba su sani ba shi ne, a zamanin da ake gina waɗancan, mu ma a nan ana gina namu, kuma wasu suna nan tsaye har gobe.

Ni a Yelwan Yauri nake aure, a bakin ruwa. Autana yana da shekara tara, kuma irin yaran nan ne masu baki, abin da ke ransa shi ne a harshensa. Kakarsa ta wajen uba, wato surukata, tana zaune a ɗaya daga cikin ƙauyukan da gwamnati ta gina wa mutanen da aka tayar lokacin da aka datse ruwa a Kainji. Akwai ginin siminti a gidan, amma ita tun da daɗewa ta sa aka yi mata ɗakin ƙasa a baya, ta ce simintin zafi gare shi, a can take kwana. Da can idan muka je yaron a wurinta yake kwana, tana kiransa maigida, yana kiranta amarya, suna ta tsokanar juna. Sai kwatsam wani zuwa da muka yi ya ƙi. Da aka matsa masa, sai ya ce wai 'yan ajinsu sun ce ɗakin ƙasa na matalauta ne, shi ba zai ƙara kwana a ciki ba. A gabanta ya faɗi haka. Ta yi dariya ta ce, “To maigida, tunda ka yi kuɗi sai ka gina mini bene.” Amma ke ma kin san irin dariyar nan da tsoho yake yi don ya rufe abin da ya sosa masa rai.

Mahaifinsa ya tsawata masa, ya kuma ba ta haƙuri. Sai dai tsawa tana rufe bakin yaro ne kawai, abin da ke cikin kansa yana nan inda yake. Yaron da ya raina ɗakin kakarsa yau, gobe harshenta zai raina, jibi kuma ita kanta. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai.

Bayan 'yan watanni sai bikin 'yar ƙanwata ya kai mu Kano. Ranar da aka gama ɗaurin aure, washegari da hantsi, na ce da ƙanena ya ɗauke mu a mota, ni da auta, ya kai mu Gidan Makama. Ban gaya wa yaron dalili ba. Na ce masa dai zai ga gidan wani sarki da ya fi shekara 500 a tsaye.

Gidan yana cikin birni, daura da fadar Sarkin Kano. An gina shi a ƙarni na 15, kuma a nan Muhammadu Rumfa ya zauna yana Makama, kafin ya hau sarautar Kano a 1463. Ya yi mulki har zuwa 1499. Shi ne ya gina fadar da sarakunan Kano suke zaune a ciki har yau, wadda ake kira Gidan Rumfa, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kuma faɗaɗa ganuwar birnin. A zamaninsa ne Shehu Maghili ya zo Kano har ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake tafiyar da mulki. Da Turawa suka ci Kano a 1903, sun yi amfani da gidan a matsayin ofis na wani lokaci. Yanzu wani sashe nasa gidan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa.

Da muka sauka daga mota, auta ya ɗaga kai ya dubi bangon, ya dubi zankayen da ke saman soro, sai ya juyo ya ce, “Umma, ai wannan ma ƙasa ce.”

Na ce, “Ƙasa ce mana. Mu shiga.”

Abin da ya fara kama shi igwa ce da ke bakin shiga, ta zamanin Turawa. Da ƙyar na ɓamɓare shi daga wurinta. Muna sa ƙafa a zaure kuwa sai muka ji kamar an kunna mana na'urar sanyaya ɗaki, alhali a waje rana ta fara dukan ƙeya. Wani dattijo daga cikin ma'aikatan wurin ya tarbe mu, muka gaisa, ya ce, “Hajiya, ɗan makaranta kika kawo mana?” Ya kama hannun yaron ya ɗora a jikin bango, ya ce ya gwada kaurinsa da kamu a bakin ƙofa. Yaro ya yi ta ƙirgawa yana mamaki. Dattijon ya bayyana masa cewa kaurin nan shi ne sirrin sanyin, domin kafin zafin rana ya ratsa bango ya iso ciki, dare ya yi, sannan da sanyin asuba bangon ya riƙa sakin ɗumin da ya tara. Shi ya sa ɗakin ƙasa yake da sanyi da bazara, yake da ɗumi lokacin hunturu.

Daga nan ya ce ya ɗaga kai. 'Yar'uwa, idan ba ki taɓa tsayawa a ƙarƙashin ɗaurin guga kin ƙare masa kallo ba, akwai abin da ya wuce ki. Bakuna ne suke tasowa daga jikin bango, su lanƙwaso su haɗu a tsakiyar rufi, babu ƙarfe ko ɗaya, babu siminti. Azara ce, wato itacen giginya da aka faskara, wadda gara ba ta cika damunta ba. Ita ake jerawa hawa-hawa, ana ɗaurewa, kowane hawa yana ɗan zarce na ƙasansa, har su game, sannan a lulluɓe da ƙasa. Bangon kuwa da tubali aka tayar da shi, irin wanda ake mulmulawa da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana. A waje kuma ana shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin ta kare shi daga ruwa. Auta ya ce, “Ɗorawar da muke sha?” Dattijo ya ce ita fa.

Muka bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da aka lulluɓe da ƙarfe, waɗanda ake rufewa idan magariba ta yi. Akwai kayan yaƙi, da tsofaffin hotunan sarakuna, da taswirar ganuwa. A wurin taswirar ne aka gaya masa cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwar Kano. Ni kuma na ƙara masa da cewa fadar Winsa ta sarakunan Ingila, wadda ake nunawa a talabijin, an fara ta ne wajen 1070, wato tsakaninta da ganuwar Kano bai kai rayuwar mutum ɗaya ba. Su dutse suka samu a ƙasarsu suka yi da dutse, mu jar ƙasa muka samu muka yi da ita. Ni dai inda na fi daɗewa shi ne ɗakin amarya, inda aka yi jere irin na da, da ƙore da tasoshi da faya-fayai. Na tuna ɗakin kakata, har sai da auta ya ja mayafina ya ce mu tafi.

A tsakar gidan ne ya yi tambayar da ta sa na zauna na rubuto miki wannan. Ya ga wani gefen bango da aka yi wa sabon yaɓe, launinsa ya bambanta da na kusa da shi, har ana ganin sawun yatsun magini. Sai ya ɓata rai ya ce, “Umma, kin ce ya fi shekara ɗari biyar. Ga shi kwanan nan aka yi shi.”

Kafin in buɗe baki dattijon ya riga ni. Ya ce, “Yaro, shekararka nawa?” Ya ce tara. Ya ce, “Rigar da aka sa maka ranar suna ita ce a jikinka yanzu?” Ya ce a'a. “To kai ne ko ba kai ba ne?” Yaro ya yi shiru yana murmushi. Dattijon ya ce yaɓe shi ne rigar ginin ƙasa. Damina tana cin wani abu daga jikinsa kowace shekara, idan ruwa ya ɗauke sai a toshe tsaga, a gyara indararo, a sake yaɓe. Gidan da aka daina yi wa haka, damina kaɗan ce za ta mai da shi kufai. Saboda haka, in ji shi, idan ka ga ginin ƙasa ya kai shekara 500, ka sani ba a taɓa samun zamanin da aka rasa masu kula da shi ba.

Wannan magana ta zauna mini. Ni da na je don a koya wa yaro, sai ga shi na samu abin da zan riƙe. Ashe abin kallo a Gidan Makama bai tsaya ga gwanintar maginan Rumfa ba. Akwai dubban hannaye da ba a san sunayen masu su ba, uba ya yaɓa ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Haka ake yi a garin Jenne na ƙasar Mali, inda babban masallacinsu na ƙasa, wanda aka sake ginawa a 1907, duk shekara mutanen gari suke fitowa kwansu da kwarkwata su yaɓe shi, maza na hawa, mata na kawo ruwa, yara na cuɗa laka. Ko fadar Winsa ta dutse ba ta tsira daga gyara ba, domin gobara ta cinye wani babban sashe nata a 1992, sai da aka shekara biyar ana aiki kafin a kammala a 1997. Babu ginin da yake tsayawa da kansa.

A hanyar komawa masauki ƙanena ya bi da mu ta gefen ganuwa. A wasu wurare tana nan da tsayinta, a wasu ta zama tudu, a wasu kuwa babu ko alamarta, an ɗebe ƙasar ko an yi gini a kai. Muka wuce ta Ƙofar Na'isa, wadda aka rushe a 2010 don faɗaɗa titi, daga baya aka gina sabuwa a wurin. Auta ya leƙa ta taga ya ce, “Wannan ba riga aka canja mata ba ko?” Kawunsa ya yi dariya ya ce, “Lallai ka fahimci karatun.”

Bayan mun dawo gida, mahaifinsa da ya ji labari sai ya ce ai mu ma muna da tamu, ba sai an je Kano ba. Wata Asabar ya ɗauke mu zuwa Birnin Yauri, a ƙaramar hukumar Ngaski, ba nisa da Yelwa. Nan ne tsohuwar hedikwatar masarautar Yauri kafin sarauta ta dawo Yelwa a ƙarshen ƙarni na 19. Wasu Turawa biyu wa da ƙane, Richard da John Lander, sun sauka a birnin a 1830 suna neman takardun Mungo Park, wanda ya mutu a ruwan Busa a 1806, kuma sun ba da labarin babban birni ne mai doguwar ganuwa. Abin da ya rage yanzu sai an nuna maka. Wanda bai sani ba zai ɗauka tudu ne kawai, ciyawa ta rufe shi, awaki na kiwo a kai. Auta ya hau ya tsaya, ya duba gabas ya duba yamma. Bai ce komai ba, sai da muka shiga mota ya ce, “Baba, nan an daina yaɓewa ne?” Mahaifinsa ya ce, “Da sarauta ta tashi, masu yaɓe ma sun tashi.”

Akwai kuma gari na uku, wanda ba shi da ko tudun da za a hau. Surukata Bagunga ce, a tsibiri aka haife ta a tsakiyar kogin Kwara. An fara aikin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki, ya shanye tsohuwar Busa da tsibirai da garuruwan bakin kogi masu yawa. Mutane fiye da 40,000 aka tayar aka sake wa matsuguni. Ita tana budurwa a lokacin. Gidan da aka haife ta, da rumbunansu, da fadamar da suke noman albasa, da kaburburan kakanninta, duk suna ƙarƙashin ruwan da muke hayewa a jirgi. Babu hukumar da za ta iya gyara wannan, babu ɗan rakiyar da zai zagaya da kai. Wurin da garin ya rage shi ne a bakin tsofaffi irinta.

Da muka je gaishe ta a hutun da ya biyo baya, ban ce wa yaron komai ba. Shi da kansa ya shiga ɗakin, na hango shi yana gwada kaurin bango da kamu. Ya fito ya ce, “Amarya, naki bai kai na Rumfa ba, amma da sanyi.” Ta ce, “Wane ne kuma Rumfa, kishiya ka yi mini?” Ya zauna ya kwashe labari ya gaya mata, har da na riga. Ita kuma ta ce ai a tsibiri mata ne suke yin daɓe da shafen ɗaki, ita ma tun tana ƙarama take taya mahaifiyarta. Daga nan zance ya ɓarke. Ta gaya masa yadda gidajensu suke, da yadda ake gane zuwan ruwa, da ranar da aka kwashe su, da sunayen abubuwa a harshensu na Gunganci, wanda shi bai iya ko gaisuwa da shi ba. Wasu labaran ko mahaifinsa ya ce bai taɓa ji ba, saboda ba wanda ya taɓa tambaya. Da dare ya yi, a ɗakin ya kwana. Da safe ya nuna mata wata tsaga a bayan ɗakin, ya ce sai an toshe kafin damina. Aka kwaɓa ƙasa, shi da 'yan'uwansa suka yi kaca-kaca da jikinsu, tana zaune a kan tabarma tana ba da umarni.

'Yar'uwa, ba ina cewa mu rushe gidajen bulo mu koma na ƙasa ba ne. Ni ma a gidan bulo nake. Abin da nake cewa shi ne, yaro yana auna darajar kansa da abin da aka nuna masa. Idan duk abin burgewa da ya taɓa gani na wasu ne, zai girma yana jin cewa nasa ba su taɓa yin komai ba, kuma farkon wanda zai raina shi ne tsohon da ke cikin gidansu. Wa'azi da faɗa ba su cika cire wannan ba. Gani ya kori ji.

Idan kin yi niyya, ga abin da na ga yana taimakawa. Ki fara da na kusa da ke. Mutanen Kebbi ga gidan tarihi na Kanta a Argungu, wanda tsohuwar fada ce. Ga kufan Surame, birnin Kanta mai ganuwar dutse, a jihar Sakkwato. Katsinawa ga hasumiyar Gobarau. Zazzagawa ga ganuwa da tsohon masallacin Juma'a na Babban Gwani. Kusan kowane tsohon gari a ƙasar Hausa yana da ƙofa ko ganuwa ko tsohuwar fada. Ki nemi izinin maigida, in da hali ma ku tafi tare, domin akwai tambayoyin da shi zai fi amsawa. Ku bincika lafiyar hanya kafin ku tashi. Mu mutanen Yauri ba mu manta da harin da aka kai kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a 2021 ba, don haka inda hankali bai kwanta ba a haƙura sai wani lokaci, a tafi da rana a dawo da rana.

Ku je da safe kafin rana ta yi zafi, ki riƙe ruwa da ɗan abin taɓawa. Kada ki cika shi da shekaru da sunayen sarakuna, biyu ko uku sun isa. Ki bar shi ya taɓa inda aka yarda a taɓa, ya ƙirga, ya gwada, ya yi tambaya ko da ta ba ki kunya, domin sau da yawa tambayar da ta fi kama da rashin kunya ita ce take buɗe karatu. Ki girmama ma'aikatan wurin a gabansa, ki hana shi rubutu a bango ko ɓantarar wani abu. Idan kun dawo, ki sa ya ba wani labari da bakinsa, musamman tsoho, don labari yana jawo labari.

Sannan kada ki jira sai an samu kuɗin mota. Idan akwai tsohuwa ko tsoho a danginku, to kina da gidan tarihi a hannu, kuma shi ba ya jiran kowa. Ki aika yaran su zauna da su, su tambayi sunan garin da aka fito, da sana'ar kakanni, da yadda ake gina ɗaki da yadda ake aure a da. Mai waya ya ɗauki muryarsu, mai littafi ya rubuta. Wannan shi ne yaɓen da ya rataya a wuyanmu mu iyaye mata, tunda mu ne muke tare da yaran safe da yamma.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa su zama masu jin ƙan tsofaffinsu, Ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.